Ganye Mai Kyau

Ni ne mai iza wuta a ƙarƙashin tukunya,
shekara talatin da ɗaya, a bayan Ambositra,
inda jar ƙasa ke bin ƙafa har cikin ɗaki.
Kafin raɓa ta bushe a gonakin shinkafa
mata sun sauke dammunan ganye a bakin rumfa:
ravintsara, wato ganye mai kyau a bakinmu.

Mu danna shi da dunduniya cikin jan ƙarfe,
mu liƙe murfi da laka, mu jira.
Tururi ya shiga ya titsiye shi da tambaya,
ya bi bututu, ya sha sanyin rafi,
ya fito ɗis, ɗis, kamar mai rowar magana.
Amalanke guda na ganye,
man bai wuce kwalba uku ba.

'Yata Voahirana tana Antananarivo,
farar riga, safar hannu, ɗaki marar taga.
Duk wata nakan aika mata kwalba ɗaya
a hannun direba, naɗe cikin tsohuwar jarida.

Da ta zo hutu na ce, to, me ganye ya faɗa?
Ta ɗauki ƙwayar gyaɗa daga faifai.
Ta ce, Baba, wani bairas haka yake,
mugun iri a ciki, rigar kitse a waje.
Da rigar yake ƙwanƙwasa ƙofar jiki.
A farantina na gilashi na ɗiga masa man,
na ƙirga, na sake, na kuma ƙirgawa,
sai na ga masu shiga sun ragu.
Ta murje gyaɗar, jan ɓawo ya bi iska.

Na miƙe har kujera ta faɗi.
Na ce, ashe kakanni ba su yi ƙarya ba!

Ta ce, zauna.
Ƙirjin mutum ba farantin gilashi ba ne.
Akwai jini, akwai hanta, akwai nisan tafiya.
Ɗigon da ya yaga rigar maƙiyi
in ya yi yawa yakan yaga ta mai gida.
Wani bairas ma tsirara yake yawo,
ba rigar da za a kama.

Ban ce komai ba. Ita ma ta sani.
Daminar da uwarta ta kwanta da tari
kwana tara ina tafasa ganyen nan,
na lulluɓe ta da bargo tana sirace.
Takan ce numfashi ya buɗe, ta yi barci.
Ran na goma ɗakin yana ƙamshi
kamar ba a yi rashi a cikinsa ba.

Ranar Laraba dillali ya zo da mota,
Andriamparany, mai takalmin da bai san laka ba.
Ya buɗe takardar da za a manna wa kwalba:
yana kashe kowane bairas.
Sa hannun likita kawai ya rage,
kuɗin lita zai ninka biyu,
ga rufin rumfata yana yoyo wuri huɗu.

Na dubi Voahirana. Ta dubi tukunya.
Ta karɓi biro, ta ja layi a kan maganar,
ta rubuta a ƙasa, ƙanana:
ana kan bincike.

Ya tafi da rabin abin da ya zo saye.
Daren nan ban ci shinkafa da daɗi ba,
ba zan ɓoye ba.

Da asuba na tarar ta riga ni rumfa,
tana iza wuta ba daidai ba, hayaƙi ko'ina.
Na karɓi itacen, na gyara.
Ta ce, ka ware min na ganyen tudu daban
da na bakin rafi, ina zargin ba ɗaya ba ne.
Na ce, shekara talatin hancina ya san haka.
Ta ce, to, ba ni biyu in ƙirga.

Muka tsuguna muna jiran ɗigon farko.