Ba a Shiga

A bangon zaurenmu na Gwammaja
Baba ya rubuta da gawayi: BA A SHIGA.
Ko mai unguwa, in ya zo,
nan yake tsayawa ya yi sallama sau uku
ya jira yaro ya leƙo.

Bana damina ta toshe kwatar layinmu,
ruwa ya kai ƙafar keken ɗinkina.
Rediyo ya ce hukuma ta buɗe shafi a waya,
kowa ya kai kukansa,
ba layi, ba ɗan aike, ba na goro.
Ƙassimu, yaron shagona, ya ce, "Maigida, mu gwada."

Suka ce suna. Na ba su.
Lambar ɗan ƙasa. Na ba su.
Suka ce in kalli gilashi in ƙifta ido,
ni da furfurata na zauna ina yi wa waya ƙifce.
Sai ta nemi sanin inda nake tsaye
da sunan duk wanda ke cikinta.
Ruwa na cin shaddar mutane.
Na danna "na yarda".

Hoton kwata na tura.
Ban lura ba, a gefe ya kwaso kekuna uku
da rumfar da na ƙara ba takarda.

Sati uku, sai ga saurayi da kati a wuya.
Bai tambayi kowa hanya ba.
Ya kira ni da sunan yanka,
wanda rabona da jin sa tun rasuwar Inna.
Ya ce kekuna uku ne, ba ɗaya ba.
Ya ce abin da na rubuta wa abokai biyar
daren Talata, a kan kansila,
bai dace da dattijo ba.
Murmushi yake. Har ya yaba ɗinkina.

Ni ba waliyyi ba ne, harajin na biya.
Amma ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.
Hukuma fa, ina nata cikin?
A wane ɗaki aka ajiye fuskata,
makullin yana aljihun wa,
in mulki ya sauya hannu, wa zai gaje ta?

Ganuwa ma da ƙofofi aka gina ta,
ana rufe su da magariba.

Kwatar tana nan yadda take.
Da dare nakan sa wayar a tsohuwar kwalla in rufe,
in bar ta a zaure, ƙarƙashin rubutun Baba.
Jiya da asuba na ji ta tana kuka a ciki.
Na buɗe:
"Yaya ka ga aikinmu? Ba mu tauraro biyar."