Kwana Ɗari Biyu da Sha Ɗaya

Tun kafin ladanin Agege ya gyara murya
ina cikin danfo, gwiwa ta tokari ƙarfe,
sai Mil Sha Biyu, inda albasa ke jira na.
Kafin in sayar da ƙwara ɗaya
na yanki tikiti uku:
na shara, na rumfa,
da wani shuɗi da ban taɓa jin sunansa ba.
Da yamma gumi ya dama su a aljihu.

Shekara ashirin da shida ke nan.
Ni Cindo, ban san hutu ba sai na zazzaɓi,
shi ma ranar tukunya ba ta hawa murhu.

Sai ga Baba Adegbenro, mai ɗakin bakin rijiya,
zaune kan benci da takarda a cikin leda,
wai gwamnati za ta biya shi
kuɗin hutun da bai tafi ba,
kwana ɗari biyu da sha ɗaya.
Ban da fansho fa.

Na yi dariya har goro ya sarƙe ni.
Na ce, Baba, ashe hutu ma ana ajiye shi kamar daddawa?
Ashe akwai rumbun da ake zuba Litinin da Talata
a dawo da furfura a auna su da mudu?
To wa zai biya?
Ba ni ba ne, da shuɗin tikitin nan?

Bai yi fushi ba.
Da Hausarsa mai lanƙwasar Yarbanci
ya ce, gyara zama in ƙirga maka.
Talatin, shekarar da tankar mai ta kife a gada,
aka ce duk ɗan kwana-kwana ya dawo bakin aiki.
Ashirin, bikin 'yata Morenike,
da takalmin aiki na je, a tsaye na ci shinkafa.
Sha huɗu na uwata ne a Ijebu,
na isa an riga an mayar da ƙasa.
Sauran bai faɗa ba.
Ya naɗe hannun riga,
fatar ta tattare kamar ganda a bakin wuta.
Wannan, in ji shi, kasuwarku ce.

Na tuna daren.
Buhuna arba'in suka tsira.
Na kuma tuna motarsu a makare ta zo,
ruwan tankin bai kai rabi ba,
rumfar Jatau ta tafi ƙurmus,
har ya koma Illela ba wanda ya ba shi sisi.
Shi ma yana yankar tikiti.

Shekara uku ke nan Baba na hawa mota zuwa Alausa
ya nuna musu yana da rai.
Su dubi fuskarsa, su dubi hoto,
su ce ya dawo bayan Sallah.
Wanda ke sa hannu a takardar, an ce,
ranar da ya ajiye aiki da mota biyu ya tafi,
bai taɓa shaƙar hayaƙi ba sai na tsire.

To ina zan ajiye haushina?
Na ɗora wa Baba, ya zame.
Na ɗaga shi sama, hannuna bai kai ba.
Ni kuwa fanshona gwiwoyin nan ne biyu
da ɗana Sagiru, in ya ga dama.

Jiya na kawo masa albasa, manya shida.
Ya ce sai ya biya.
Na ce bari sai kwanakinka sun fito.
Ya ciro biro, ya rubuta bashin a bayan takardar,
ƙarƙashin hatimin gwamnati.

Gobe da asuba zan sake yankar shuɗin.
Ba na ƙi ba ne.
So nake kawai a gaya mini
a aljihun wa yake kwana.