Ɗigo Ɗaya a Bakin Tafkin Burullus

Motar asibiti ta tsaya a Baltim ran Talata,
gab da rumfar mai sayar da gishiri.
Ban tashi ba. Ina ɗinkin komata.
Na ce mai lafiya ba ya neman mai magani,
shekara hamsin da bakwai ina jan igiya,
ko zazzaɓi bai taɓa kayar da ni kwana uku ba.

Sabrin, autata, ta tsaya a kaina kamar mai bin bashi.
Ta ce, "Baba, kaka ma haka ya ce."

Sai zaren ya kufce mini.
Na ga Abdul-Maujud, mahaifina,
ciki kamar tulu, ido kamar gwaiduwa,
mutumin da ke ɗaga kwandon karfasa da hannu ɗaya
ya kasa ɗaga kofin shayi.
Na ga layin makaranta, muna yara, hannun riga a naɗe,
allurar tsargiya, sirinjin gilashi guda,
daga dantse zuwa dantse, har ƙarshen aji.
Tsutsa suka zo kashewa, da kyakkyawar niyya.
Ba wanda ya san abin da aka shuka.

Hanta ba ta da baki.
Haƙori na ihu, baya na ƙorafi,
ita ko sai ta yi ta aiki, ana ci mata gindi,
kamar katakon jirgi a ƙarƙashin sabon fenti.

Na miƙa yatsa.
Kanta ya yi kauri, sai da ma'aikaciyar ta soka sau biyu,
ta yi dariya, ta ce fatar masunta sai guduma.
Ɗigo ɗaya. Rubu'in awa a kan benci.
Ban taɓa jiran kifi da irin wannan zuciya ba.

Layi biyu.

Ta ce, "Wannan sawu ne, ba mu ga ɓarawon ba tukuna.
Je ka Kafar Shaikh a sake ɗiban jini."
Na je. Yana nan, a ɗaki na ciki,
shekara arba'in ko fiye, bai taɓa tari ba.
Likita ya goga na'ura a haƙarƙarina, ya daɗe yana kallo,
ya ce, "Akwai tabo. Amma ka zo da sauran rana."

Ƙwaya kullum bayan asuba, wata uku.
Sabrin na zana alli a bayan ƙofa.
Matata Nawal, jininta fes. Na yi sujada a tsakar gida.
Na sayi rezata, na daina aron ta kowa.

Yau na kife jirgina a kan yashi,
ina bin katako da babban yatsa, tsaga bayan tsaga.
A tudu ake neman yoyo,
ba a tsakiyar ruwa ba.

Ƙanena Shahata yana can yana ɗinkin koma.
Ajinmu ɗaya, layinmu ɗaya.
Ya ce shi lafiyarsa ƙalau.
Motar za ta dawo ran Talata.
Na ajiye guduma, zan je in tsaya a kansa.