Taswirar Kakale Mai Fito

A ƙasar Bunza aka binne cibiyata,
inda Gulbin Zamfara ke sauke kayansa
ya miƙa wa Gulbin Kabi, ko sallama babu.

Malam Arzika ya zana mana su a allo,
alli shuɗi, zare-zare kamar saƙar gizo.
Ya ce mu haddace: ga uwa, ga rassa.
Da la'asar na kai wa Baba littafina,
yana cusa tsumma a tsagar jirgi.
Ya juya shi sama, ya juya ƙasa,
ya ce, "Wa ya hwaɗa mai ruwa shuɗi na?"

Sai ya kife hannunsa a kan gwiwa,
jijiyoyi sun taso kamar kunyar rogo.
"Ga Rima nan, ɗan Gobir.
Ya kwaso Bunsuru da Gagare a hanya,
ya wuce Alƙalawa bai tsaya ta'aziyya ba.
Ga na Sakkwato ya tarbe shi,
suka haɗa kai suka gangaro Argungu,
inda ake auna giwan ruwa da sikeli.
Can gefe ganuwar Surame,
duwatsu na zaune, masu ɗora su sun tashi."

Na taɓa wata mai kauri, karkatacciya.
Ya ce, "Naku ke nan. Ja ne da damina,
don ya lashi ƙasar Anka da Gummi,
ya sha wankin albasar Jega.
In ka ɗiba a ƙwarya ka bari ya kwanta
za ka ga gonar wani a gindi."

Gulbin Ka fa?
"Makararre. Sai an kusa rufe kasuwa yake isowa."
Ya sauko da yatsa zuwa wuyan hannu:
"Nan Kwara, mai haɗiye suna.
Duk wanda ya shiga, ba a sake kiran shi."

Akwai tabo fari da ya gitta jijiya ɗaya.
Na ɗauka Bakolori zai ce,
shekarar da aka ɗaure ruwa a sama
shinkafar fadama ta tsaya jiran baƙon da bai zo ba.
Ya yi dariya: "Ƙayar ƙurungu ce.
Ba kowane tabo ne tarihi ba."

Gada ta zo ina aji shida.
Jirgin ya koma komin awaki,
filafili ya zama madogarin ƙyaure.
Baba bai zagi gada ba,
ya dai ƙi hawa ta har ya rasu.
Ranar kaɗai ya haye, a kafaɗun mutane.

Yanzu ni ke riƙe da allin.
Jiya na ja Zamfara daga kusurwar allo,
wata yarinya, Ige, ɗiyar masunta,
ta ɗaga hannu tana kallon taga:
"Malama, namu ba haka yake ba."

Na aika ofis a nemo jan alli.
Aka ce babu, sai fari da shuɗi.
Na ce su ajiye littattafai, su ɗauko ƙwarya,
kowa ya riƙe takalminsa a hannu,
akwai laka a hanyar mashigi.