Hawa na Uku

Kilarinet ɗin ta gwamnati ce, baƙa, da lamba a gindinta,
sai da na sa hannu a littafin sito aka miƙo mini ita.
Hawan ƙasa kyauta ta ba ni,
murya mai kauri irin ta tulu in an hura bakinsa.
Na biyu, sai da babban yatsa ya saba da ɗan mabuɗin baya.
A na uku ta rufe ƙofa, ta zura sakata.

Wata huɗu ina ƙwanƙwasawa.
Abin da ke fita, kukan ɗan tsakon da aka taka,
ko ƙyauren langa-langa da tsatsa ta ci.
Matan bariki suka aiko yaro:
jarirai ba sa barci, a nemi wani wuri.
Na koma Kwalkwalawa, gindin gada,
inda Rima ta janye ta bar wa masu albasa fadama.

Can Saje Bagudu ya iske ni,
tsohon ɗan badujala, da kekensa da buhun taki.
Bai tambayi sunana ba, ya kama haɓata,
ya ga sawun haƙora jere a cikin leɓena.
"Yaro, mi kaka cizo? Ƙashi na?
Wanga hawa ba a taka shi da muƙamuƙi.
Ɗaga bayan halshe kamar za ka ce ii.
Iska ta hito siririya, da sanyi, da gudu,
kamar ruwan tiyo in an toshe rabin baki nai."

Ya zare harshen goran ya haska a rana,
zafin Sakkwato ya busar da shi, gefe ya tsage.
Ya ciro nasa daga gwangwanin ashana,
mai tauri, ya jiƙa a murfin buta.

Na fara daga ƙasa, na danna mabuɗi, sauti ya yi tsalle.
Na mirgina manuni, rabin rami ya buɗe.
Ƙiii!
Belbelu suka watse daga bayan shanu.
Na sauke, kunya ta rufe ni.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi:
"Abin da kaka gudu, ai ita ta.
Zuwa ta yi ba ka kira ta ba.
Koyi kiran ta, ta zo lokacin da kaka so."

Aka cire albasa, aka zuba gero.
Kullum bayan la'asar sauti ɗaya nake riƙewa
har numfashi ya ƙare, in ƙara rabin taki,
kamar mai hawa giginya ba igiya.
Wata rana in samu, kashegari ta ɓace.

Ran wata Talata, hadari na haɗowa ta gabas,
ta fito.
Siririya kamar zare a idon allura,
ba rawa, ba tsagewa,
ta miƙe bisa ruwa har tsallake.
Na ƙirga takwas a zuci kafin na sake ta.

Na juya ina haki: Saje, ka ji?
Ya taɓa kunnensa, ya girgiza kai.
Shekara talatin gaban manyan ganguna
sun kwashe masa duk abin da ke sama.
"Ban jiya ba," in ji shi, yana ɗaure buhu.
"Amma na ga haɓarka ta kwanta,
kahwaɗunka sun sauka.
Sake yi. Ruwa bai iso ba tukuna."