Hannun Amm Dafa'alla

A Wad Madani, ɗaki na uku bayan bishiyar dalbejiya,
akwai gado ɗaya, kujera biyu, allon dara,
da madubin da ke ganinmu, mu ba ma ganin bayansa.
Can Ustaza Sausan take zama da alƙalaminta.

Amm Dafa'alla tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne.
Duk Talata ana biyansa ya kashe hannunsa na dama.
Yakan yasar da shi kan cinya
kamar kifin da masunci ya manta a bakin Nilu,
ya karkace leɓe, ya zama mutumin cikin takarda:
shekara sittin da biyu, shanyewar ɓarin jiki,
ya ƙi abinci, ya ƙi wasa.

Na shiga da fara'ar da na haddace tun a hanya.
Na ce, "Baba, yau dara za mu yi!"
Ya dubi bango.
Na ce, "Kada ka damu, komai mai wucewa ne."
Ya ce, "Ke kika sani?"
Sai bakina ya ɓalle kamar famfon da kansa ya lalace:
amfanin wasa ga ƙwaƙwalwa, ga jijiya, ga yatsu,
shafi na arba'in, ban tsallake layi ba.
Na jera duwatsu, nawa da nasa,
har na buga masa nasa.
Minti takwas. Ƙararrawa.

Ustaza ba ta yi faɗa ba, hoton kawai ta kunna.
Na ga wata yarinya tana cika ɗaki da murya.
Na ga tsoho ya buɗe baki sau uku,
sau uku ina toshe shi da alheri.
Ta ce, "Ramla, wa kika zo yi wa jinya,
shi ko tsoronki?
In ya yi shiru, ƙirga numfashi bakwai.
A ɗakin nan kunne ya girmi baki."

Talata ta zagayo.
Na ja kujera ta hagunsa, ɓangaren da ke da rai.
Na ajiye allo, ban kwance jakar duwatsu ba.
Ɗaya. Biyu. Fanka tana kukanta.
Biyar. Mai kankana yana kira a titi.
A na shida ya ce,
"Da hannun nan nake cinye kowa a tasha."
Na ce, "Da hannun nan."
Iyakar abin da na ce ke nan.
Ya ce, "Yanzu jikoki ke saka min maɓallin riga."
Na bar maganar ta zauna tsakaninmu har ta huce.
Can ya miƙo hagu, yana rawa,
ya kwance jaka da haƙori, ya zaro dutse guda,
ya sa shi a gidan da bai dace ba.
Ban gyara ba.

Ƙararrawa. Hannun dama ya farka,
ya ɗauki finjalin gahawa kamar bai taɓa mutuwa ba.
Na tambaye shi ko zancen maɓalli yana cikin takarda.
Ya daɗe yana hura abin da ya riga ya huce.
"Wannan na yayana ne, Allah ya jiƙansa.
Shekara huɗu muna ba shi haƙuri safe da yamma.
Ba wanda ya kawo masa allo."

Yau asibiti ne na gaske, hawa na biyu.
Matar gado na tara ba wanda ya biya ta.
Babu madubi, babu Ustaza,
babu ƙararrawar da za ta tashi hannunta.
An ce da ita ke saƙa wa unguwa huluna.
Ina tsaye a ƙofa, zare da kwarashi a jaka,
bakina cike da kalmomi masu zaƙi,
duk sun yi layi suna jiran fita.
Na haɗiye su.
Na duba wane gefe ne nata mai rai,
na ja kujera.

Ɗaya.