Ɓarauniyar Batir

A hawa na huɗu na kasuwar Huaqiangbei
rumfar Pang Deshou ba ta fi shimfiɗar mutum ɗaya ba.
Ya baje mini alluna uku a kan gilashi
kamar mai tallar busasshen kifi.
Wannan araha, in ji shi, amma akwai ci.
Wannan yana jiyo waya daga nesa.
Wannan kuwa ya iya barci.
Na ce a ba ni mai barcin.
Yuan sittin da takwas, bai rage ko ɗaya ba.

Allon bai cika tafin hannuna ba.
Kore ne, da ƙafafun tagulla jere a gefe,
ƙwaƙwalwarsa baƙa, kamar ƙwayar kankana,
a bayansa gilashi mai jin yatsa.

Don Baba na saye shi.
Shekara arba'in yana jan taru a tekun Shanwei,
muryarsa na danne ƙarar injin jirgi,
sai shanyewar jiki ta shigo da asuba
ta kwashe harshe, ta kwashe dama,
ta bar masa hagu da idanu.

Na zana masa gidaje shida a gilashin:
ruwa, shayi, ciwo, banɗaki, taga, Suyin.
Suyin ni ce.
In ya taɓa, allon ya faɗa da baki,
wayata ta yi tsuwa a wurin aiki.

Ranar farko batir bai kai yamma ba.
Na dawo na tarar da shi yana danna baƙin gilashi,
yana dannawa,
yana dannawa,
leɓɓansa sun bushe.

Daren nan ban ci abinci ba.
Na tsinke jar waya, na saka mita a tsakani,
na zauna gadi.
Na rage hasken fuska, lamba ta sauko.
Na hana shi kiran waya sai da dalili, ta ƙara saukowa.
Na kwantar da ƙwaƙwalwa, na ce kar ki tashi
sai yatsan Baba ya ƙwanƙwasa.
Duk da haka mita na nuna wani yana sha,
kaɗan-kaɗan, ba ya ɗaga baki.
Ruwa ba ya tsami banza.

Ƙarfe uku idona ya yi yaji, na kashe fitilar ɗaki.
Sai ga ta.
Jar ɗigo a kusurwar allo, ba ta kai ƙwayar shinkafa ba,
aikinta kawai ta ce akwai wuta,
tana faɗa tana cinye wutar.
Na zafafa ƙarfe, dalma ta narke,
na ɗauke ta da hantsaki.
Lamba ta faɗi warwas.

Kwana goma sha ɗaya caji guda!
Har na aika wa Pang hoton mita.

Amma Baba ya daina barci.
Tsakar dare ya taɓa Suyin, in zo,
ba ruwa, ba ciwo.
Ya juya allon, ya ɗora yatsa a kan tabon dalma,
ya dube ni.
Dare huɗu kafin kaina ya kawo:
jar fitila ita ce ta hagun jirgi.
Duk wanda ya kwana a teku
da ita yake sanin ba shi kaɗai ba ne a cikin duhu.

Na tono ta daga cikin kwalin tarkace,
na mayar da ita, wannan karon a ƙafar da nake iya umarta.
Yanzu ƙiftawa take sau ɗaya
duk daƙiƙa goma, ta koma ta yi shiru.

Caji na kai kwana tara.
Biyun nan na yafe mata.
Daga ɗakina ina jin munsharinsa,
da safe kuma, kafin in ɗora ruwa,
allon ya riga ya ce shayi.